Gurbin Geji a Akori-kurar Baffana

Duk lokacin da na gaya wa wani a nan jami'a cewa ni mutumin Falgore ne, sai ya ɗauka dajin nan na hanyar Jos nake nufi, har ya shiga yi mini jaje. To, tamu Falgoren daban ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Rogo, maƙwabciyar Ƙaraye, can yammacin Jihar Kano inda ƙasarmu ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Ƙasa ce ta masara da dawa da rake, kuma abin da aka noma ba ya zama kuɗi sai ya hau mota. Saboda haka mai akori-kura a wajenmu mutum ne da ake gaisarwa da girmamawa, musamman da kaka. Baffana, ƙanen mahaifina, yana cikin waɗannan mutane, kuma tun rasuwar mahaifina da guminsa da na motarsa nake karatu.

Motar tsohuwar Toyota Hilux ce mai shan gas, watau dizal, da injin nan da makanikai ke kira 5L, mai silinda huɗu, wanda cikinsa bai cika lita 3 ba da kaɗan. Ba ta da tabo, ba ta da gudu, amma akwai ta da haƙuri. Baffa ya fi shekara talatin yana tuƙi, kuma alfaharinsa shi ne da kunne yake jan mota. Yakan ce inji yana magana, direban banza ne kawai ba ya ji.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki tun daga watan Fabrairu har tsakiyar Oktoba. Wata takwas ina gida, sai na zama yaron motar Baffa. Na koyi ɗaure kaya da igiya, na koyi sa wa taya waigi a gangara, na kuma koyi yin shiru idan ana ciniki. A shekarar nan ce kuɗin gas ya ninka har ya wuce, ribar kowace tafiya ta zama 'yar ƙyas, ta yadda ba mu da sararin yin asara ko ta kwana ɗaya. A farkon Oktoba, saura kwanaki a janye yajin aikin, muka yi lodin sabuwar masara za mu Dawanau. Mun wuce Ƙaraye da ɗan nisa, rana ta take, sai na ji wani wari kamar na tukunyar da ruwanta ya ƙone. Kafin in buɗe baki Baffa ya riga ya ji, ya sauka gefen hanya, amma aikin gama ya gama. Wani ɗan tiyo ne ya tsage ta ƙasa, ruwan lagireto ya tsiyaye a hankali muna ta tafiya, inji ya gasu, tof ya fashe. Sai wata mota muka nema ta kwashe masarar, ita kuwa tamu aka ja ta da igiya zuwa gida kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Kafin ta sake tashi sai da aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗar gidanmu.

Da mutane suka zo jaje, abin da Baffa ke faɗa wa kowa guda ne: gejin zafin motar maƙaryaci ne, allurarsa ba ta motsa ba. Ni kuwa da na koma makaranta na yi ɗan bincike, sai na tarar maganarsa tana da tushe. Yawancin gejin da kamfani ke sakawa an yi shi ne don kada ya tayar wa direba hankali: da zarar inji ya ɗumama sai allurar ta tsaya a tsakiya, ta yi zamanta a nan ko da zafin ya ƙaru da digiri da yawa, ba ta tashi sai abu ya yi nisa. Bugu da ƙari, ɗan ƙarfen da ke jin zafin, wanda ake ɗaurawa a jikin inji, ruwa yake aunawa. Idan ruwan ya tsiyaye ya bar shi a fili, yana iya nuna lafiya lau alhali ƙarfe na ci da wuta. Injin gas kuwa ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi irin na fetur. Matse iska yake yi, har fiye da sau ashirin, sai ta yi zafin da za ta kunna man da kanta. Injin da ke aiki cikin irin wannan matsi ba ya yafe wa wanda ya bar shi babu ruwa. Da na fahimci haka sai na ƙudura cewa motar Baffa ba za ta sake hawa hanya da kaya ba sai da ƙarin geji mai lambobi, wanda zai faɗi gaskiya.

Dama ta samu a ƙarshen Fabrairun 2023, sa'ad da aka rufe jami'o'i saboda zaɓe. Mai karatu zai tuna lokacin ne na ƙarancin takardun kuɗi, bayan an sauya fasalin naira, lokacin da mai kuɗi a banki ke kwana da yunwa. Da ƙyar muka haɗa abin da muka haɗa, muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Mai shagon ya baje mana geji iri iri, yawancinsu masu faɗin milimita 52, kamar bakin ƙaramin kofin shayi. Ya so ya haɗa mana har da na auna iskar tabo, na ce masa motarmu ba ta da tabo, ya ce ai yana ƙara wa mota kyau. Muka ɗauki biyu, na zafin ruwa da na ƙarfin bugun baƙin mai.

A nan ma sai da aka yi zaɓi, domin kowannensu iri biyu ne. Akwai mai aiki da lantarki, wanda waya kawai ke haɗa shi da inji, ana iya kai shi duk inda aka so. Akwai kuma wanda ba ruwansa da lantarki. Na zafin ruwa irin wannan yana da wani siririn bututun jan ƙarfe, tsawonsa bai kai mita biyu ba, cike da wani ruwa mai kumbura idan ya ji zafi. Ba a yanke shi, ba a ƙara shi, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, in ya karye geji ya mutu. Baffa ya ce shi wannan yake so, domin ko an kashe mota yana nuna zafi, kuma ba ya dogara da wayoyin da ɓera ke ci. Na yarda. Amma a na baƙin mai na ƙi, na ce sai mai lantarki, saboda ɗaya irin yana shigo da man ne da kansa ta cikin ɗan bututu har cikin ɗakin direba, ranar da ya fashe kuwa tafasasshen mai ne zai zubo wa mutum a ƙafa, inji kuma ya rasa mansa. Na lura a shagon Baffa ya ɗauki gejin zafin ya miƙe hannunsa da shi can nesa, ya karkata kai yana dubawa, sa'an nan ya ajiye mai baƙar fuska ya ɗauki mai fara. Na ɗauka yanga ce irin ta masu saye.

Washegari muka kira rewaya ya zo har ƙofar gida, a nan kuwa aka yi ta. Ban taɓa zaton abin da bai fi tafin hannun yaro ba zai hana mutum uku cin abincin rana a kan lokaci.

Shi rewaya ƙarƙashin dashbod yake so, dab da gwiwar direba ta dama. Hujjarsa ita ce a nan kowa ke sawa, akwai inuwa, ga ramin da wayoyi ke bi su shiga wajen inji a kusa, noti biyu sun gama aiki. Gaskiyar maganar, nan ne ya fi masa sauƙi. Na ce masa gejin da sai an sunkuya za a gan shi, da shi da babu duk ɗaya. Na yi musu lissafi a ƙasa da tsinke: motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wanda ya sunkuyar da kai na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar fiye da mita 30 a makance. A hanyarmu kuwa mita 30 ta isa saniya ta fito daga gona, ko mai babur ya faɗo daga lungu da buhu uku a bayansa. Direba ya san haka a jikinsa, shi ya sa ba zai riƙa sunkuyawa ba, sai ya daina duba gejin gaba ɗaya.

Sai rewaya ya ce to a cire rediyo a sa su a raminta, ga wuri a shirye, ga shi a tsakiya. Baffa bai ma bari ya rufe baki ba. Ya ce motar da ba a jin labarun duniya da asuba a cikinta ba tasa ba ce. Aka bar wannan.

Akwai kuma ginshiƙin da ke riƙe da gilashin gaba ta hagun direba. A hotunan motocin Amurka da na gani, inda masu manyan akori-kura na gas ke jan tireloli, a nan suke jera geji biyu ko uku, ɗaya bisa ɗaya, daidai tsayin ido. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, har na kawo shawararsa. Amma da na zauna a kujerar na riƙe gejin a wurin, sai na ga ya ƙara wa ginshiƙin kauri, ya rufe daidai kusurwar da ake hango mai tahowa idan za a sha kwana ta hagu. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, direba a hagu yake zaune, kuma ta wannan gefen ne duk motar da ke tahowa take wuce shi. Ga shi kuma robar ginshiƙin tamu ta tsufa, ta bushe, noti ba zai kama ta ba a kan gargadar hanyarmu. A sababbin motoci ma akwai wani dalilin, domin wasunsu jakar iskar nan da ke fashewa ta tare mutum lokacin haɗari tana bi ta wurin, ba a son a ɗaura wani ƙarfe a gabanta. Na janye da kaina.

Wurin da na tsaya a kai, na kuma kafe, shi ne kan wuyan sitiyari, tsakanin sitiyarin da agogon gudu. A ganina babu wurin da ya kai shi. Yana gaban direba sak, ido ba ya barin hanya sai ƙiftawa ɗaya, rana ba ta dukansa, bututun jan ƙarfen zai isa ba tare da an ja shi ba. Abin da zai rufe kawai shi ne ƙasan agogon gudu, wanda dama ya daɗe da mutuwa. Rewaya ma ya gyaɗa kai.

Baffa ya ce a'a. Shi a saman dashbod yake so, can gaba, dab da gindin gilashi.

Na ce, "Baffa, ku duba fa. Nan ne wurin da ya fi ko'ina zafi a motar nan. Ga bazara na tahowa, kun san yadda dashbod ke yi a watan Afrilu, ko hannu ba ya taɓuwa. Roba za ta narke, lambobin su koɗe, ƙura ta shige shi. Da rana hasken zai hana ku ganin allurar, da dare kuma fitilarsa za ta riƙa haskawa a jikin gilashi tana shiga muku ido."

Ya ce, "Na ji. Can za a sa."

Na sake jero dalilaina, har da waɗanda na riga na faɗa. Ina jin a ranar na yi abin da ake zargin 'yan boko da shi, watau na mai da ƙofar gidanmu aji, ga maƙwabta sun fara taruwa. Baffa ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kai za ka ja motar ko ni?" Ya shige gida. Rewaya ya tattara kayansa ya ce a neme shi idan an shirya.

Na kwana da haushi. A raina ina cewa taurin kai ne kawai na tsofaffi, ga asarar sa guda ba ta koya masa kome ba. Da safe na ce bari in gwada wata dabara, in nuna masa da idonsa. Na roƙe shi ya zauna a kujerar direba, ni kuma na zauna a gefe riƙe da gejin, babu kowa sai mu biyu. Na ɗora shi a kan wuyan sitiyari na ce, "Baffa, ku dubi yadda ya fito raɗau. Lamba nawa ce wannan ta tsakiya?" Ya duba. Ya ja kansa baya har ƙeyarsa ta taɓa jikin kujera, ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Matsa da shi gaba." Na ɗora shi a kan ƙoƙon agogon gudu. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara, har hannuna ya kai gindin gilashi. Sai ya ce, "Tamanin."

Jikina ya yi sanyi. Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yadda ya miƙe hannu da gejin a Ƙofar Ruwa, yadda yake miƙo mini waya in karanta masa saƙo yana cewa hannunsa da maiƙo, yadda ya bar ɗan ƙaramin Alƙur'aninsa na aljihu ya koma ɗaukar babban nan na ɗaki. Idon Baffa na nesa garau yake, yana hango rami a hanya kafin ni in gan shi. Na kusa ne ya tafi, kamar yadda yake tafiya ga kusan kowane mutum idan ya haura arba'in da 'yan kai, domin ƙwayar idon tana taurara, ta daina tanƙwaruwa ta kama abin da ke kusa. Wuyan sitiyari bai fi kamu ɗaya da ɗan ɗoriya daga fuskarsa ba, gindin gilashi kuwa ya kai kamu biyu. Wurin da na zaɓa da dukan lissafina, idona na zaɓar wa, idon ɗan shekara ashirin da uku.

Wata tambaya ta taso mini game da ranar da tof ya fashe, ko allurar nan ta motsa ko ba ta motsa ba. Na haɗiye ta, har yau kuma ban yi ta ba. Ni ma ina cikin motar a ranar, da lafiyayyen idona, ban leƙa ba. Na kuma san abin da Baffa ke tsoro. A gari irin namu, da zarar an ce idon direba ya fara rauni, ba mai tsayawa ya tambaya na kusa ne ko na nesa. Masu kaya za su fara kai buhunansu wajen wani, 'yan'uwa kuma su fara maganar ya ba yara makulli ya huta. Mutumin da ke ciyar da gida biyu ba zai faɗi wannan a gaban rewaya da maƙwabta ba. Abin da na ce kawai shi ne, "Baffa, ina ganin wurin nan naku ya fi." Ya ce, "To," ya murɗa rediyo.

Sauran aikin ya zama na gyara illolin da na lissafa, domin ba su gushe ba don na canza ra'ayi. Muka sa shi ya zauna yadda yake zama in yana tuƙi, na riƙa matsar da gejin har muka sami wurin da, daga idonsa, ba ya rufe kome sai bonet: ɗan dama da ƙoƙon agogo, ƙasa da layin da hanya ke fara bayyana. Wani mai yin fitilu da gwangwani ya yanka mana gwangwanin madara ya yi masa 'yar rumfa kamar bakin hular sojan gona, muka shafe ta da baƙin fenti ciki da waje. Ita ce ke tare rana, ita ce kuma ke hana haskensa faɗawa kan gilashi da dare. Rewaya ya huda dashbod ya ɗaure shi da ƙarfe, ya zura bututun ta ramin da ya naɗe da roba don kada gogayya ta cinye shi, tsawon ya isa da ƙyar. Ni kuma na karɓi jan farce wajen ƙanwata na ɗiga babban ɗigo a kan gilashin gejin daidai 100, na ce saboda yaron mota ne. Injin nan in yana lafiya allurar tana zama tsakanin 80 da 90. Murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsi, ya sa ruwa ba ya tafasa sai ya wuce 100 da kusan digiri ashirin, saboda haka wanda ya tsaya a jan ɗigon ya tsaya da sauran dama. Duk da haka shi ma sabon gejin ruwa yake aunawa, in babu ruwa zai iya ruɗin mutum, don haka buɗe lagireto kowace asuba kafin a tayar da mota yana nan daram.

Gejin baƙin mai kuwa bai sami wannan gata ba. Baffa ya ce ba zai mai da gaban motarsa shagon mai gyaran agogo ba. Aka ɗaura shi a ƙarƙashin rediyo, an ɗan karkato shi wajen kujerar yaron mota, aka bar wa direba jar fitilar nan ta kamfani. Har yanzu ina ganin kuskure ne, domin fitilar ba ta kamawa sai bugun man ya kusa ƙarewa sarai, amma na riga na ci rabona na gardama a wannan makon.

Kafin in koma makaranta na biya ta kasuwar Sabon Gari na sayi tabarau na karatu, irin mai arha da ake gwadawa a tire. Na san ba na tuƙi ba ne, wanda ya sa shi hanya za ta dushe masa. Na rasa yadda zan miƙa masa, sai na jefa shi cikin aljihun dashbod tare da takardun mota, ban ce kome ba.

Da na zo hutun ƙarshen zango, damina ta sauka, na tarar da shi zaune a inuwar motar bayan la'asar, da ɗan ƙaramin Alƙur'anin nan a hannunsa, tabarau a kan hanci, an ɗaura masa zare. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman gilashin ya ce, "Wani fasinja ne ya manta da shi a motar. Na yi cigiya ban sami mai shi ba, ga shi kuwa ya yi mini daidai." Na ce Allah ya sa mai shi ya yafe. Ya ce amin, sa'an nan ya ce in je in duba ruwan lagireto, gobe da asuba akwai lodin taki zuwa Rogo.